Rana Ɗaya a Wajen Sarayebo: Mostar, Travnik ko Srebrenica?

Mafi yawan baƙin da ke sauka a Sarayebo, babban birnin Bosniya, kwana uku ne ko huɗu a hannunsu, musamman waɗanda suka biyo ta Istanbul suka ratse don su ga wannan yanki na Turai da Musulunci ya shafe fiye da shekara ɗari biyar a cikinsa. Idan aka cire ranar isowa da ranar komawa, aka kuma ba birnin kansa haƙƙinsa, rana ɗaya ce tak ke saura ta fita waje, kuma a kan wannan rana ce ake samun ruɗani. Masu shirya wa baƙi tafiye-tafiye sun jera allunansu a bakin tsohuwar kasuwa, kowa na tallar tasa hanyar: kudu zuwa Mostar, arewa maso yamma zuwa Travnik da Jajce, ko gabas zuwa Srebrenica. A kan allo sai ka ɗauka tafiya iri ɗaya ce da sunaye uku, alhali abin da mutum zai gani, da irin gajiyar da zai kwasa, da halin da zuciyarsa za ta dawo a ciki, duk sun sha bamban.

Kafin a kai ga zaɓe, akwai kuskuren da ya kamata a kauce masa, wato fita daga Sarayebo tun ba a gan ta ba. Birnin yana kwance a wani siririn kwari a gefen kogin Miljacka, duwatsu sun kewaye shi, kuma kwana biyu cur ba su yi masa yawa ba. Rana ta farko ta Bashcharshiya ce, tsohuwar kasuwar da ta kafu tun ƙarni na 15, inda har yanzu layin maƙeran tagulla ke cike da ƙarar ƙananan guduma, ana sassaƙa zane a jikin tukwanen kofi da faranti, wasu ma a jikin kwanson harsashin da yaƙin Bosniya na shekarun 1990 ya bari. A tsakiyarta masallacin Gazi Husrev-beg yake, wanda aka gina a 1531, da makarantarsa ta 1537 da har gobe ake karatu a ƙarƙashin sunanta. Kusa da masallacin akwai hasumiyar agogo wadda baƙo kan zaci ta lalace, domin lokacinta bai dace da na wayarsa ba. Gaskiyar ita ce an saita ta ne ta nuna ƙarfe 12 daidai faɗuwar rana, don haka akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya hau ya gyara ta yayin da yini ke tsawo ko gajarta. Taku kaɗan daga nan sai gadar da ake kira Latin, wadda a bakinta ne Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Austiriya, Franz Ferdinand, ranar 28 ga Yuni 1914, abin da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Rana ta biyu kuwa ta kewayen gari ce: ramin da aka haƙa a 1993 a ƙarƙashin filin jirgin sama, mai tsawon kimanin mita 800, wanda ta cikinsa abinci da magani da makamai suka riƙa shiga lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya daga 1992 zuwa 1996, sai keken igiya mai hawa dutsen Trebević, wanda yaƙi ya lalata aka sake buɗe shi a 2018, yana kai mutum sama cikin ƙasa da minti goma, sai kuma maɓuɓɓugar kogin Bosna a Ilidža, wadda taragon lantarki mai lamba 3 ke kai mutum kusa da ita. Wanda bai gama da waɗannan ba, rana ta ukun ma ta Sarayebo ce, kuma bai yi asara ba.

Wani ɗan bayani da zai rage wa baƙo wahala a tasha shi ne, harafin j a rubutun ƙasar kamar y ake furta shi, c kuma kamar ts, saboda haka Jajce "Yaitse" ce, Blagaj "Blagai", Konjic kuma "Konyits". Mai sayar da tikiti ba zai gane inda kake nufi ba idan ka karanta su yadda Bahaushe zai karanta.

Mostar ita ce ta fi suna, kuma sunan nata ba a banza ba ne. Tana da nisan kimanin kilomita 130 daga Sarayebo, kuma ita kaɗai ce cikin ukun nan ake iya zuwa ta jirgin ƙasa, wanda a ganina shi ne rabin daɗin tafiyar. Jirgin yana tashi da sassafe, ya ɗauki kusan awa biyu, ya kuma dawo da yamma, don haka dole a tabbatar da lokutansa tun ana gobe, domin wanda ya rasa na yamma sai dai ya nemi bas. Bayan ya haura duwatsun da suka raba yankin Bosniya da Herzegovina, wato kudancin ƙasar, sai ya gangaro Konjic yana shiga rami yana fita, yana ratsa gadoji masu tsayi, daga nan ya bi gefen kogin Neretva, wanda ruwansa kore ne shar kamar an zuba masa rini, a tsakanin duwatsu masu fari-fari da suka tsaya cak a kowane gefe. Bas ma yana bin kwarin, kuma ya fi yawan tashi, amma ya fi jinkiri kaɗan, kuma a lokacin zafi hanyar takan cika da motocin masu zuwa bakin teku. Abin da mai mota ya fi mai jirgi da shi guda ne: yana iya tsayawa a Jablanica, garin da ya shahara da gasasshen rago da ake juyawa a kan garwashi a bakin titi.

Abin da ake zuwa gani a Mostar gada ce guda. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Sulaiman, shi ne ya ba da umarnin gina ta, magini Hayruddin, almajirin shahararren magini Sinan, ya kammala ta a 1566, baka ɗaya tak na dutse da ya tsallake Neretva a tsayin da ya haura mita 20. Ta yi shekara 427 a tsaye kafin dakarun Kuroshiyawan Bosniya su rushe ta da igwa ranar 9 ga Nuwamba 1993. An sake gina ta da dutse irin na asali bisa tsarin asali, aka buɗe a Yulin 2004, shekara ta gaba kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Hawa kanta yana buƙatar hankali, domin ƙafafun mutane sun goge dutsen ya yi santsi, kuma tana da tudu a tsakiya. An yi mata ƙananan dakali a jere don ƙafa ta samu madogara, amma mai silifas zai sha wuya. A saman gadar za ka tarar da samarin garin, ɗaya ya tsallaka ƙarfen kariya ya tsaya a baki kamar zai faɗa, ɗan uwansa na zagayawa yana karɓar kuɗi a hannun 'yan kallo, ba kuwa za a yi tsallen ba sai kuɗin ya kai abin da suke so. Wanda ke son ganin gadar gaba ɗayanta daga nesa sai ya biya ya hau hasumiyar masallacin Koski Mehmed Pasha, in dai zai iya da matattakalarta mai ƙunci wadda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya manne da bango.

Aibin Mostar biyu ne, kuma duka biyun na lokacin zafi ne. Na farko cunkoso: daga hantsi zuwa la'asar motocin baƙi daga Dubrovnik da Split na Kuroshiya suna sauke jama'a a lokaci guda, har layin kasuwar da ke kaiwa gadar ya zama sai an yi kafaɗa da kafaɗa. Na biyu zafi, domin garin yana cikin kwari mai duwatsu, kuma a Yuli da Agusta yakan kai maki 40. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai iya cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa, amma a gida ba ya yawo a kan dutse mai ƙuna da tsakar rana da sunan hutu. Wanda ya zo da jirgin safe yana da sa'a a nan, domin yana isa kafin taron, ya gama da gadar, sannan ya tsere zuwa Blagaj.

Blagaj, mai nisan kimanin kilomita 12 daga Mostar, ita ce ke sa wannan tafiya ta fi sauran a wurina. A gindin wani dutse da ya miƙe sama kusan mita 200, kogin Buna yana fitowa daga kogo a cike, ba ɗigo-ɗigo ba, da sanyin da hannu ba ya iya daɗewa a ciki, kuma a daidai bakin kogon aka gina zawiyar sufaye tun farkon zamanin Usmaniyya. Farin gida ne mai baranda ta katako da ta leƙa kan ruwa. Ana cire takalmi a ƙofa, mata suna rufe kai, akwai ɗakin zikiri da ɗan ƙaramin ɗakin wanka mai rufin da aka huda wa taurari don haske ya shigo. Duk wanda ya taso a gidan da ake wazifa ko zikirin Juma'a zai ji wurin bai yi masa baƙo ba, ko da harshen da ake yi a waje ba nasa ba ne. Gidajen abinci sun jeru a bakin ruwan suna gasa kifin kogin, kuma inuwar dutsen tana kashe zafin da aka baro a Mostar.

A nan ne zan saɓa wa masu tallar tafiya. Mafi yawansu suna sayar da rana ɗaya da ta haɗa Konjic, Mostar, Blagaj, Počitelj da magangarar ruwa ta Kravica, wurare biyar cikin awa goma sha biyu, abin da ke nufin kowane wuri ya samu ɗan lokacin ɗaukar hoto sannan a koma mota. Počitelj kyakkyawan ƙauye ne na dutse da ya hau jikin tudu, da masallaci da hasumiyar tsaro, amma matattakala ce daga ƙasa har sama, ba ta dace da dattijo ko mai ciwon gwiwa ba. Kravica kuwa, ruwan da ke zubowa daga tsayin kusan mita 25 a faɗin da ya yi rabin da'ira, abin kallo ne, sai dai a lokacin zafi wurin wanka ne na jama'a, maza da mata cikin kayan ninkaya, kuma mai tafiya da iyali gara ya san haka tun kafin ya biya. Yankin nata na Kuroshiyawa Katolika ne, don haka batun nama sai an tambaya, saɓanin Bashcharshiya da gabashin Mostar inda samun halal ba matsala ba ne. Mostar da Blagaj kaɗai sun ishi yini.

Travnik ta fi kusa, kimanin kilomita 90, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a bas, kuma ba ta da rabin taron Mostar. Bayan da sojojin Austiriya ƙarƙashin Yarima Eugene suka ƙone Sarayebo a 1697, gwamnonin Usmaniyya suka mayar da mazauninsu nan, suka yi kusan shekara 150 suna mulkin Bosniya daga wannan ƙaramin gari. Abin da suka bari yana nan a tattare, ana iya zagaye shi da ƙafa: ganuwa a kan tudu wadda ta girmi zuwan Turkawa, hasumiyar agogo biyu, kaburburan gwamnoni masu rumfar dutse a gefen titi, da masallacin da ake kira Mai Launi saboda zanen furanni da 'ya'yan itace a bangonsa na waje, wanda aka ɗora shi a kan shaguna don hayarsu ta riƙa ɗaukar nauyinsa. A gindin ganuwar akwai Plava Voda, maɓuɓɓugar da ruwanta ke ratsa tsakanin teburan masu cin ćevapi, wato ƙananan mulmulallen niƙaƙƙen nama da ake gasawa a zuba cikin burodi da albasa, kuma mutanen Travnik ba sa yarda cewa na Sarayebo ya kai nasu. A nan ne kuma ake sayen cukun tumaki na dutsen Vlašić. Garin yana da sanyi fiye da Herzegovina nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan mazaunansa Musulmi ne, don haka salla da abinci ba sa buƙatar dogon bincike.

Abin da Travnik ba ta da shi shi ne abu guda da zai sa mutum ya tsaya baki buɗe. Kyawunta na natsuwa ne, kuma cikin awa huɗu an gama da ita. Wannan ne ya sa ake haɗa ta da Jajce, wadda ke gaba da fiye da awa guda, inda kogin Pliva ke faɗowa cikin kogin Vrbas daga tsayin kimanin mita 20 a tsakiyar gari, ganuwar sarakunan Bosniya na dā tana bisa kansa. A Jajce aka kashe sarkin Bosniya na ƙarshe, Stjepan Tomašević, a 1463, kuma a nan ne 'yan gwagwarmayar Tito, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar Yugoslabiya, suka aza harsashin sabuwar Yugoslabiya a Nuwamban 1943. Can gefen tafkunan Pliva akwai ƙananan bukkokin niƙa na katako da aka jera a kan ruwa, waɗanda yara ke so ƙwarai. Matsalar ita ce lissafin hanya: zuwa da dawowa daga Jajce yana cin kusan awa shida a zaune, kuma haɗa garuruwan biyu da bas ɗin haya a yini guda yana da wuya, sai da motar da aka ɗauka ko tafiyar da aka shirya. Mai ƙananan yara da ya zo a tsakiyar zafi, ko wanda ya gaji da turmutsutsu, wannan hanya ce tasa. Wanda kuwa ya san zuwansa Bosniya ɗaya ne a rayuwa, da wuya ya yafe wa kansa idan ya koma bai ga Neretva ba.

Srebrenica ba ta cikin wannan ma'auni kwata-kwata, kuma ba daidai ba ne a jera ta a kan allo ɗaya da wuraren wanka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana garin a matsayin tudun mun tsira a 1993, amma ranar 11 ga Yuli 1995 dakarun Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladić suka shige shi, kuma cikin 'yan kwanaki aka kashe maza da yara maza Musulmi fiye da 8,000. Kotun Duniya ta tabbatar a 2007 cewa kisan ƙare dangi ne, Mladić kuma yana zaman ɗaurin rai da rai. Abin da ake zuwa gani yana Potočari, kilomita kaɗan kafin garin: maƙabarta mai dubban fararen duwatsu a jere har kan tudu, dogon dutse mai lanƙwasa da aka rubuta sunayen mamatan, inda za ka ga sunan dangi ɗaya ya maimaitu layi bayan layi, shekarun haihuwa na kaka da uba da jika, sai rumfar salla a buɗe. A tsallaken titi tsohuwar masana'antar batir take, wadda ta kasance sansanin sojojin Holan na Majalisar, yanzu ta zama gidan tarihi. Har yanzu duk ranar 11 ga Yuli ana yi wa waɗanda aka gano ƙasusuwansu jana'iza. Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku a kowace fuska, a kan hanyar dutse mai kwana-kwana, motocin haya kuma ba su da yawa, saboda haka tafiyar da aka shirya tare da ɗan jagora ta fi, musamman da yake da yawa daga cikin masu jagorar sun rayu cikin yaƙin. Ziyarar maƙabarta ce, da niyyar ziyarar maƙabarta ake zuwa, ba ta dace da ƙananan yara ba, kuma ba a shirya wani shagali da daren ranar. Wanda ke son fahimtar abin da ya faru amma ba shi da yini guda, akwai gidan hotunan 11/07/95 a tsakiyar Sarayebo, kusa da babban cocin Katolika, wanda awa biyu ta isa a zagaye shi.

Lokacin shekara yana iya juya hukuncin gaba ɗaya. A Mayu da Yuni da Satumba Mostar ce kan gaba ba tare da gardama ba. A Yuli da Agusta Travnik da Jajce suna matsowa kusa da ita. A hunturu kuwa, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, hazo da hayaƙi suka lulluɓe kwarin Sarayebo, hanyoyin gabas da arewa kuma ke iya yin ƙanƙara, gangarawa Herzegovina kamar fita ne daga ɗaki mai duhu, ga shi gadar babu kowa. Wanda zuwansa ya dace da azumi ya yi ƙoƙari ya dawo Sarayebo kafin magariba, domin ya hau Žuta Tabija, tsohuwar ganuwar da ke bisa gari, inda jama'a ke taruwa da burodin somun mai zafi suna jiran a buga igwar shan ruwa, fitilun hasumiyoyin masallatai su kama a lokaci guda. A kowace hanya aka bi, a riƙe tsabar kuɗin ƙasar, wato mark, wanda aka ɗaure darajarsa da yuro a kan kusan mark biyu ga yuro ɗaya, domin ƙananan wurare da yawa ba sa karɓar kati. A duwatsu da dazuzzuka kuma kada a sauka daga hanyar da aka tanada, saboda har yanzu akwai nakiyoyin da ba a gama tonewa ba, kuma jan allo mai hoton ƙoƙon kai ba ado ba ne.

Idan rana ɗaya ce, ni jirgin safe zan shiga zuwa Mostar, in yi azahar a Blagaj, in dawo da na yamma. Idan kuwa za a iya matse jadawali a samu dare guda, to a kwana a Mostar ɗin, domin motocin baƙi suna watsewa kafin magariba, kuma bayan sallar asuba mutum yana iya tsayawa a tsakiyar gadar shi kaɗai, shaguna a rufe, babu abin da yake ji sai ruwan Neretva a ƙarƙashinsa.